Aƙilar Direba: Inshorar Mota da Haƙƙin Wanda Aka Kaɗe a Sabo ta Ibadan

Daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025 rundunar 'yan sandan Najeriya ta tsaurara binciken takardar inshorar ababen hawa a faɗin ƙasa, kuma matakin ya taso da tambayar da masu mota Musulmi suka daɗe suna kauce mata: kuɗin inshora halal ne a biya shi da zuciya ɗaya, ko kuwa caca ce da hukuma ta ɗora wa mutane dole? A unguwar Sabo da ke Ibadan wannan tambaya ba ta malamai kaɗai ba ce, domin abincin gidaje da yawa a kan taya yake. Akwai direban tirela da ke sauko da shanu ko buhunan wake daga Arewa, ya ratsa Mokwa da Jebba da Ilorin da Ogbomoso kafin ya sauke a karar Akinyele ko kasuwar Bodija. Akwai wanda ke raba dare a hanya da kwandunan tumatir don ya riski Shasha kafin kaya su ruɓe. Akwai ɗan acaba da ke kutsawa tsakanin ƙananan tasi a Mokola da Iwo Road tun asuba har bayan isha'i. Irin waɗannan ne masu harkar inshora ke ɗauka a matsayin direbobi masu yawan haɗari. Abin da nake son tabbatarwa shi ne mun daɗe muna kama tambayar ta wutsiya. Muna tambaya ko ya halatta direba ya nemi kariya daga abin da Allah ya ƙaddara masa, alhali abin da shari'a ta fara tambaya shi ne: idan ya kaɗe mutum, wa zai biya haƙƙin wanda aka kaɗe?

Ya kamata a fara da sanin abin da doka ta wajabta, don yawancin gardamar da ake tafkawa ana yin ta ne ba tare da an rarrabe nau'o'in inshora ba. Dokar da ta tilasta inshorar mota a Najeriya ta samo asali tun 1945, zamanin mulkin Turawa, kuma abin da doka ta tilasta a yau shi ne inshorar ɓarnar da motar mutum za ta yi wa wani, a jikinsa ko a dukiyarsa. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sabunta farashin daga 1 ga Janairu, 2023. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, kamfani kuma zai ɗauki ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Babbar motar ɗaukar kaya ta haya naira 100,000 ce, iyakarta miliyan 5. Keke mai ƙafa uku naira 5,000, iyaka miliyan 2. Babur naira 3,000, iyaka miliyan 1. Waɗannan iyakoki na dukiya ne; rauni da asarar rai lissafinsu daban. Ita kuwa cikakkiyar inshora, wadda ke gyara wa mai mota tasa motar ko ta biya shi in an sace, ganin dama ce, kuma kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Ke nan inshorar dole ba ta sayo wa direba ko madubi ɗaya idan motarsa ta ragargaje. Mai cin amfaninta shi ne mutumin da direban bai taɓa gani ba, wanda ya fito tsallaka titi.

A nan ne fiƙihu yake da magana mai nauyi, kuma maganar ta girmi mota da ƙarnuka. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abubuwa biyu a kan kisan kuskure: kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere, da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa in su suka yafe. Ayar ba ta tsaya kan Musulmi kaɗai ba, ta haɗa da mutanen da ke da alkawarin zaman lafiya da mu, don haka jinin maƙwabci Bayarabe, Musulmi ne ko Kirista, ba ya tafiya a banza. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, wato zinariya fiye da kilo 4. Babu ɗan acaban da zai tara wannan ko da zai shekara arba'in a kan babur. Shari'a ta san da haka, amma ba ta ce tunda mai laifin talaka ne jinin ya faɗi ba, ba ta kuma ce a sayar da shi da 'ya'yansa don a biya ba. Sai ta raba nauyin a kan aƙila, wato dangin mutum maza ta wajen uba, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya hukunta a shari'ar matan nan biyu 'yan ƙabilar Huzailu da Buhari da Muslim suka ruwaito. A mazhabar Malikiyya aƙila na ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya zuwa sama, a biya cikakkiyar diyya cikin shekara uku, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ba a ɗora wa matalauci ko mace ko yaro. Mutanen da ba su riƙe sitiyari ba, su ne shari'a ta ce su biya. Raba asarar mutum ɗaya a kan jama'a da yawa, wanda shi ne ƙashin bayan kowace inshora, hukunci ne da ke cikin littattafanmu tun kafin a kafa kamfanin inshora na farko a Turai.

To ina aƙilar saurayin da ya baro ƙauyensu a Zamfara ko Jigawa ko jihar Maradi, ya zo Ibadan ya karɓi babur yana kawo wa mai shi balas kullum? Danginsa suna nesa da tafiyar kwana guda ko fiye, kuma yawancinsu su ne ma ke jiran abin da zai aiko. Sahabbai sun gamu da irin wannan matsala lokacin da mutane suka bar ƙabilunsu suka zauna a sababbin garuruwa irin su Kufa da Basra. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya kafa diwani, wato rajistar mayaƙa masu karɓar albashi daga baitulmali, aka mayar da diyya kan mutanen diwani ɗaya, ana cira daga albashinsu. Hanafiyya sun yi riƙo da wannan, kuma Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya gabatar da mutanen diwani kan dangi matuƙar ana ba su albashinsu, sannan ya sa baitulmali a ƙarshe ga wanda ba shi da kowa. Abin da wannan ke nunawa shi ne dalilin hukuncin taimakekeniya ce, kuma duk inda taimakekeniya ta koma, can aƙila take komawa. A kan wannan fahimta ce Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Dubai a 2005, ta yanke cewa idan babu dangin da za su ɗauki diyya, inshorar Musulunci da ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya da asusun ma'aikata suna iya tsayawa a madadinsu.

Mutanen Sabo ba baƙin wannan tunani ba ne, domin a kansa aka gina unguwar. An ware Sabo ga Hausawa a 1916, 'yan shekaru bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano, kuma arzikinta ya tsaya a kan goro mai hawa Arewa da shanu masu saukowa Kudu. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda cinikin yake tafiya. Falke ya kawo shanu daga nesa, bai san mahautan gari ba, ba ya jin yarensu, ciniki kuma bashi ne. Maigidan da ya sauke shi ne ke tsaya masa, dillalansa su sayar, shi kuma ya lamunci kuɗin; in mahauci ya gaza biya, nauyin yana komawa kan maigida. La'adar da ake cira a kowane ciniki ita ke riƙe wannan tsari. Ba a ji malaman Sabo sun ce falken da ya nemi maigida mai lamuni ya raunana tawakkalinsa ba. An ɗauke shi mai hankali ne wanda ya san haƙƙin dukiyar da aka ba shi amana. Jikokin waɗancan fatake ne yau ke tuƙa tirela a kan hanyar da kakanninsu suka koro shanu, kuma abin da ke hannunsu yanzu ya wuce dukiya, rayukan mutane ne.

Hujjar farko da masu ƙin inshora ke kawowa ita ce ta tawakkali: abin da Allah ya rubuta ba makawa sai ya faru, takarda ba ta hana haɗari, mai neman inshora kamar yana shakkar ƙaddara ne. Gaskiya ne takarda ba ta hana haɗari, kuma babu mai hankalin da ya ce tana hanawa. Amma tawakkali a koyarwar Annabi (SAW) ba ya kore riƙo da sababi. Mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, an umarce shi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Umar ma da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, amsarsa ta nuna cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Sai dai akwai abin da ya fi wannan kusa da batunmu. Mutum yana da damar ya yi tawakkali da abin da yake nasa. In ya ga dama ya ƙi cikakkiyar inshora, ya ce in motata ta ƙone na haƙura, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ba shi da damar ya yi tawakkali da ƙafar ɗiyar wani da aka kwantar a asibitin UCH, ko da abincin marayun da motarsa ta raba da mahaifinsu. Wanda ya san cewa sana'arsa na iya jawo masa bashin da ba zai iya biya ba, ya ga hanyar tanadi ya ƙi bi, ya ɗora asarar ne a kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma kiran wannan da sunan dogara ga Allah zalunci ne ga kalmar da ga mutanen.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Malamai da yawa sun ce inshorar kasuwanci ciniki ne mai garari: mutum ya ba da kuɗi sananne don ya sayi abin da bai san zai samu ko ba zai samu ba, kamfani ya cinye idan ba a yi haɗari ba, ya yi asara idan an yi, wanda ya yi kama da caca, ga kuma musayar kuɗi kaɗan da kuɗi mai yawa a jinkirce, da zuba jarin kamfani a harkokin ruwa. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa da ya rasu a 1836, ya hana karɓar kuɗin inshorar jiragen ruwa da fataken Turai suka shigo da ita a ƙasar Musulmi. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta haramta inshorar kasuwanci a 1977, Majalisar Fiƙihu ta bi sahu a Jidda a 1985. A ɗaya ɓangaren, Shehu Mustafa Zarƙa na Siriya ya tsaya tun taron Dimashƙa na 1961 a kan cewa abin da mai inshora ke saye shi ne aminci, kuma yana samunsa tun ranar da ya biya. Daga cikin hujjojinsa har da tsarin aƙila. Ra'ayin masu hanawa shi ne na mafi rinjaye, kuma ina ganin damuwarsu gaskiya ce. Amma dole a karanta fatawar tasu har ƙarshenta. Majalisun da suka hana inshorar kasuwanci, su ne kuma suka halatta ta taimakekeniya suka yi kira a kafa ta. Ba su ce a bar wanda aka kaɗe a kwance ba. Hanyar tara kuɗin ce suka ce a gyara. Kuma da yawa daga cikin masu hanawar sun yarda cewa inshorar da hukuma ta tilasta, in babu wata mafita, mutum zai yi ta ba laifi a kansa.

A yau ma lalurar ta ragu, don mafitar ta samu. Ƙa'idar da ta buɗe ƙofar ta Malikiyya ce, wadda Ƙarafi ya fayyace a littafinsa Alfuruƙ: garari yana ɓata ciniki, amma ba ya ɓata kyauta, domin mai kyauta ba riba yake nema ba balle a cuce shi. A kan wannan aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a 1979, Malesiya ta yi dokar takaful, wato irin wannan inshora, a 1984. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016, wasu kuma suka biyo baya. A wannan tsari abin da direba ya zuba gudummawa ce ga asusun mahalarta, asusun kuma nasu ne. Kamfani wakili ne da ake biyansa ladan gudanarwa, ba a zuba kuɗin a harkar ruwa, abin da ya yi rara bayan an biya waɗanda abin ya shafa ana iya raba wa masu zubi. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai, alhali wani zai ci fiye da abin da ya kawo. Masu cewa takaful sauya suna ne kawai suna da abin dubawa, domin kamfanin da ya cika ladan wakilcinsa har rara ba ta taɓa fitowa ya koma gidan jiya. Maganin wannan shi ne masu zubi su tambayi nawa ne ladan wakilci, su wane ne malaman da ke sa ido, yaushe aka raba rara ta ƙarshe. Barin tsarin gaba ɗaya ba ya gyara komai.

Akwai hanya ta uku da mutane da yawa suka zaɓa, kuma ita ce mafi muni a mizanin addini, ko da yake ba a cika yin wa'azi a kanta ba: sayen takardar bogi a bakin ofishin lasin. Masu harkar inshora sun sha faɗa cewa yawancin motocin da ke kan titunan Najeriya ba su da inshorar gaskiya. Wanda ya sayi ta bogi don kada ya shiga shubuha ya guje wa abin da malamai suka yi saɓani a kansa, ya faɗa cikin abin da babu saɓani a haramcinsa. Ya biya ɗan damfara, yana nuna wa jami'i ƙarya a kowane shinge, ranar haɗari kuma wanda ya kaɗe ba shi da wurin zuwa. Wanda aka sayar wa bogi bai sani ba shi ma uzurinsa ya ƙare, tunda ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai, NIID, inda kowa zai sa lambar motarsa a waya ya ga ko takardarsa tana da rai.

Za a ce kamfanonin ba sa biya, sai yawo da hankali da neman takardu har mutum ya gaji ya bari. Wannan koke yana da tushe, kuma shi ne babban abin da ya kashe amanar inshora a ƙasar nan. Amma a duba inda matsalar take. Ɗan acaba ɗaya da bai iya Turanci ko Yarbanci sosai ba, yana tsoron ofishin 'yan sanda, bai san ana bukatar rahotonsu da hoton wurin da takardar asibiti ba, ba zai iya bin haƙƙi shi kaɗai ba, sau da yawa ma bai san takardarsa na iya biyan wani ba. Ƙungiya mai babura ɗaruruwa a ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya, mai sakatare da ya san hanyar kai ƙara NAICOM, ba a yi mata haka, don kamfani ya san zai rasa su duka a shekara mai zuwa. Raunin mutum ɗaya a gaban kamfani hujja ce ta a haɗu, kuma haɗuwar ita ce ma'anar aƙila tun asali.

Wasu kuma za su ce al'adarmu ta riga ta warware matsalar: a je gaisuwa da dattawa, iyalan mamaci su ce ƙaddara ce, mun yafe. Yafiya alheri ce, kuma ayar ta kira ta sadaka. Sai dai sadaka tana zama sadaka ne idan mai bayarwa yana da ikon riƙe abinsa. Matar da aka kashe wa miji, ta dubi direba ta ga ko kuɗin likkafani ba shi da shi, ta ce ta yafe, ba zaɓi ta yi ba, haƙuri ta yi da abin da ba ta da yadda za ta yi. Ban da haka, diyya gado ce, kuma rabon maraya ƙarami ba abin da baffa ko kawu zai yi kyauta da shi ba ne don a yaba masa a zauren makoki. Idan akwai asusun da zai biya, sannan magada baligai suka ce sun bar rabonsu don Allah, a nan ne yafiya ta cika ta kuma sami ladanta.

Saura tambaya mai wuya, wadda ta shafi direba mai yawan haɗari kai tsaye: adalci ne mai kiyayewa ya riƙa biyan ɓarnar mai ganganci? A Ingila da Amurka amsar kasuwa ita ce kowa ya biya gwargwadon haɗarinsa, shi ya sa matashi ko wanda ya taɓa yin karo yake biyan ninkin abin da wasu ke biya, har wasu jihohin Amurka suka tanadi tsarin da ke raba direbobin da kowane kamfani ya ƙi a tsakanin kamfanoni. A Najeriya farashin inshorar dole yana bin nau'in abin hawa ne, don haka direban tirela da ya shekara ashirin bai goge kowa ba yana biyan daidai da wanda ya kifar da mota bara. Duka hanyoyin biyu suna da aibi, kuma ina ganin mafita tana cikin rarrabe haɗari iri biyu. Akwai wanda sana'a da hanya suka ɗora wa mutum: nisan tafiya, ramukan titi, tafiyar dare don tumatir ba ya jira. Wannan haɗari duk wanda ya ci nama ko miya a Ibadan yana da hannu a cikinsa, don haka daidai ne a raba shi tsakanin direba da mai mota da mai kaya, ya shiga farashin dako. Tsawwala wa talaka kuɗi don kawai sana'arsa mai haɗari ce zai kore shi ne zuwa takardar bogi, wanda aka kaɗe kuma shi zai kwana a ciki. Akwai kuma haɗarin da mutum ya sayo da hannunsa: shan ƙwaya don kore barci, lodin da ya wuce kima, mutane a saman shanu, birkin da aka san ya mutu, tayar da ta siɗe, bin hannun da ba nasa ba. A nan kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Wannan rarrabewa ita ce kuma amsar masu tsoron cewa inshora za ta sa direba ya daina kula. Aƙila ba ta ɗaukar kisan ganganci, ba ta ɗauke kaffara, wadda ke kan wuyan mai laifi shi kaɗai, kuma a Malikiyya shi ma yana zuba nasa kason tare da su. Gaskiya ne mugun tuƙi a yawancin lokuta yana nan a babin kuskure ta fuskar diyya, don haka bai kamata a hana wanda aka kaɗe haƙƙinsa saboda halin direba ba. A biya shi tukuna, sannan asusu ya juyo kan direban: a ƙara masa kuɗin zubi, a bi shi wani kaso, in ya maimaita a karɓe makulli. Malamai sun ambata cewa daga hikimar aƙila akwai sa dangi su tsawata wa wawansu, tunda aljihunsu ne zai ji. Shugabannin tasha da masu ba da babur haya sun fi kowane kamfani sanin wanda ke shan ƙwaya da wanda ke gudun wuce sa'a; ranar da kuɗinsu ya shiga asusu ɗaya da nasa, ranar za su daina kau da kai. Majalisar Fiƙihu ta riga ta yanke a Brunei a 1993 cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne na addini. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa tana ƙirga fiye da mutum 5,000 da ke mutuwa a kan hanya duk shekara, tana kuma sa gudu a sahun gaba na musabbabai, don haka wannan wajibi ba ƙarami ba ne.

Ga mazauna Sabo akwai ƙarin dalili da bai shafi mai mota a Kano ko Katsina kamar yadda ya shafe su ba. Baƙo in ya yi ɓarna a garin mutane ba a ganinsa shi kaɗai, ana ganin ƙabilarsa. Rikicin Shasha na Fabrairun 2021 ba daga haɗarin mota ya taso ba, daga saɓani ne kan kayan da suka zube a gaban shago, amma ya kai ga rasa rayuka da ƙona shaguna da gidaje, har wasu gwamnonin Arewa suka zo Ibadan, daga baya fataken abinci da shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. Darasin shi ne ƙaramar ɓarna da ba a san mai biyanta ba tana iya zama wutar da ke cin gari. Direban da ya san babu mai tsaya masa gudu yake yi bayan karo, gudun kuma shi ke tunzura jama'a su huce kan wanda suka samu. Wanda ya san akwai asusu a bayansa zai iya tsayawa ya ɗauki mai rauni zuwa asibiti.

Saboda haka nauyin yana kan masu faɗa a ji: sarakunan Hausawa na Sabo da Shasha, limamai, shugabannin tasha da na kara, da attajiran da motocin nan nasu ne. Su zauna da kamfanin takaful mai lasisi su ƙulla yarjejeniyar rukuni, a tara kuɗin tare da kuɗin tikitin da ake karɓa kullum, tunda naira 3,000 ta babur ba ta kai naira 10 a rana ba, ta tirela kuma ba ta kai 300 ba. Su naɗa wanda aikinsa shi ne bin haƙƙin waɗanda aka kaɗe, su ajiye littafin da ke nuna tarihin kowane direba, su ƙara asusun cikin gida don abin da takardar dole ba ta ɗauka, kamar jinyar direban kansa da abincin iyalinsa. Limamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa takardar bogi ƙarya ce, cewa diyya bashi ne ko da kotun jihar Oyo ba ta tambaya ba, cewa mai ba da babur ko mota haya ba tare da inshorar gaskiya ba yana da kaso a zunubin abin da ya biyo baya. Wanda ya gamsu da fatawar haramcin inshorar kasuwanci yana da hujjarsa, kuma takaful na nan dominsa. Abin da babu malamin da ya halatta shi ne mutum ya hau titi da abin da ke iya kashe rai alhali bai tanadi komai ba ga wanda zai iya cutarwa.